Yadda ake ɗora imej ɗin da ka haɗa da kanka a sabar gida ta Portainer

Muddin manhajar da kake so tana Docker Hub, rumbun intanet da ake ajiye shiryayyun manhajojin Docker, to Portainer, shafin da ake sarrafa Docker da shi ta burauza, ba ya ba ka wahala. Ka rubuta sunanta, ka danna maɓalli, ta sauko, ta kama aiki. Rigimar tana farawa ne ranar da ka haɗa naka imej, wato ƙunshin manhaja da duk kayan da take buƙata, wanda babu shi ko'ina a duniya sai cikin kwamfutarka. Ka shigar da shi sabar, kana ganinsa da idonka a jerin, amma da ka ce a tayar da kwantena, wato a kunna manhajar daga imej ɗin, sai jan rubutu ya bayyana a kusurwar allo yana cewa ba a same shi ba. Yawancin waɗanda suke kawo mini wannan ƙara a nan Maradi suna zaton imej ɗin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Portainer ne ya tafi nemansa a intanet, alhali yana cikin gida.

Don kada mu yi magana a iska, za mu ɗauki aiki guda mu bi shi daga farko har ƙarshe: ƙaramin laburare na lekol mai zaman kanta, inda za a zuba tsofaffin tambayoyin BEPC da na BAC da darussan malamai, ɗalibai su buɗe da wayoyinsu ta Wi-Fi ɗin lekol ba tare da sun ƙona forfe ba. In naka aikin daban ne, littafin bashi na shago ko rajistar asibiti, hanyar ɗaya ce, abin da ke cikin imej ɗin kawai zai canza.

Bambanci ɗaya nake so ka riƙe kafin mu taɓa komai. Imej kamar mazubin buga bulo ne, kwantena kuwa bulon da aka buga da shi. Kana iya fasa bulo ka buga wani sau nawa ka ga dama in dai mazubin yana nan. Saboda haka duk abin da ba ka so ya ɓace, kada ya zauna cikin kwantena.

Injin da za ka yi amfani da shi

Tsohuwar kwamfutar cinya ta wadatar, kuma ni na fi son ta a kan babbar ta tebur, domin batirinta yana riƙe ta in kuran ya ɗauke na ɗan lokaci. Sa mata Ubuntu Server 24.04 ko Debian 12. Ka haɗa ta da rauta da igiya, ba da Wi-Fi ba. Ka shiga shafin rautar ka ɗaure mata adireshi guda wanda ba ya canzawa; a wannan rubutu zan ɗauka 192.168.1.50 ne, kai ka sa naka. In ba ka yi haka ba, wata rana rautar za ta ba ta sabon adireshi, ɗalibai su wayi gari laburare ya ɓace.

Kwamfutar cinya tana yin barci in an rufe murfinta. Buɗe fayil ɗin `/etc/systemd/logind.conf`, ka nemo layin `HandleLidSwitch`, ka cire alamar # da ke gabansa, ka mayar da shi haka:

```
HandleLidSwitch=ignore
```

Sannan ka sake kunna injin. Kada ka ajiye ta a ƙasa ko kan katifa. Ƙurar hunturu tana toshe fankarta, zafin watan Afrilu da Mayu kuma ya ƙarasa sauran. Ɗora ta kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta iska ta ratsa.

Docker, manhajar da ke tayar da kwantenoni, wanda ya fito tun 2013, yanzu layi ɗaya ake sa shi da shi:

```
curl -fsSL https://get.docker.com | sh
sudo usermod -aG docker $USER
```

Fita daga asusunka ka sake shiga, don layi na biyu ya kama. Sai Portainer:

```
docker volume create portainer_data
docker run -d -p 9443:9443 --name portainer --restart=always \
  -v /var/run/docker.sock:/var/run/docker.sock \
  -v portainer_data:/data portainer/portainer-ce:lts
```

Daga wata kwamfuta da ke kan rautar, buɗe `https://192.168.1.50:9443`. Burauza za ta yi kashedin cewa takardar shaidar shafin ba ta da tabbas. Portainer ne ya yi wa kansa ita, wuce kawai. Zai nemi ka ƙirƙiri asusun shugaba da kalmar sirri mai aƙalla haruffa 12. Yi shi nan take: in minti biyar suka wuce bayan tayar da Portainer ba ka ƙirƙira ba, zai kulle kansa, sai ka buga `docker restart portainer` kafin ya sake ba ka dama.

Haɗa imej ɗin

Wannan aikin a inda rezo yake da kyau za ka yi shi, ko a kan sabar ko a kan kwamfutarka ta aiki, domin dole a sauko da tushen imej ɗin daga intanet sau ɗaya. Buɗe folda mai suna `laburare`. Abu uku za su shiga cikinta.

Na farko, wata folda `shafi`, a cikinta fayil `index.html` mai ɗauke da sunan lekol da mahaɗi zuwa `/takardu/`. Ko layi biyar ne ya isa.

Na biyu, fayil `default.conf`:

```
server {
    listen 80;
    charset utf-8;
    root /usr/share/nginx/html;

    location /takardu/ {
        alias /takardu/;
        autoindex on;
        autoindex_localtime on;
    }
}
```

Layin `autoindex on` shi ke sa nginx, manhajar da za ta riƙa miƙa shafukan ga wayoyi, ya jera duk fayilolin da ke cikin folda ba tare da ka rubuta musu shafi ba. Layin `charset utf-8` kuwa kada ka yi wasa da shi. In babu shi, sunayen fayiloli masu ɗ da ƙ da ɓ, da na Faransanci masu é da è, za su fito a wayar ɗalibi kamar tsutsa ta yi tafiya a kansu. Tunda takardunmu rabi Faransanci ne rabi Hausa, ba a rasa irin waɗannan sunaye.

Na uku, fayil ɗin da ke faɗa wa Docker yadda zai haɗa imej ɗin, mai suna `Dockerfile`, da babban D, babu komai a bayan sunan. Masu Windows su lura: Notepad yana maƙala `.txt` a ɓoye, kuma Docker ba zai gane fayil ɗin ba.

```
FROM nginx:1.26-alpine
ENV TZ=Africa/Niamey
COPY default.conf /etc/nginx/conf.d/default.conf
COPY shafi/ /usr/share/nginx/html/
EXPOSE 80
```

Na zaɓi nginx ɗin da aka gina kan Alpine ne saboda ƙanƙantarsa; Alpine kansa bai kai MB 10 ba, kuma wanda ke sayen forfe da kuɗinsa ya san amfanin haka. Layin `TZ` yana daidaita agogon kwantena da namu, wanda yake gaba da UTC da awa ɗaya.

Ka lura ban kwafi takardun PDF ɗin cikin imej ba. Da gangan ne. In suna ciki, duk ranar da mushen lissafi ya kawo sabon darasi sai an sake gina imej an sake ɗorawa. Za mu ajiye su a waje mu haɗa su daga baya.

Kafin ka gina, tambayi sabar wace irin kwakwalwa gare ta. A kanta ka buga:

```
uname -m
```

In ta ce `x86_64`, irin ta kwamfutocin Intel da AMD ce. In ta ce `aarch64`, ARM ce, kamar Raspberry Pi. Imej ɗin da aka gina don ɗaya ba ya aiki a ɗaya. In kwamfutar da kake ginin da sabar iri ɗaya ne, shiga foldar ka buga:

```
docker build -t laburare:1.0 .
```

Ɗigon da ke ƙarshe yana cikin umarnin, yana nufin "wannan folda". In sun bambanta, misali kana gini a kwamfutar Intel za ka kai wa Raspberry Pi:

```
docker buildx build --platform linux/arm64 -t laburare:1.0 --load .
```

Masu sababbin Mac na M1 zuwa sama su juya abin: nasu ARM ne, don haka in sabar tsohuwar kwamfutar cinya ce sai su sa `linux/amd64`. Alamar an yi kuskure a nan guda ce: kwantena tana tashi tana mutuwa nan take, kuma a cikin bayananta za ka ga `exec format error`.

Batun `1.0` ɗin nan da na maƙala bayan suna. In ba ka sa lamba ba, Docker zai sa `latest` da kansa, kuma wannan suna yana jawo matsala biyu. Ba za ka san wace siga ce ke aiki ba, balle ka koma ta baya in sabuwar ta ƙi. Sannan kayan aiki da yawa, in suka ga `latest`, sun fi saurin zuwa intanet su duba ko akwai sabo. Ga imej ɗin da ba ya intanet, wannan neman rigima ne. Sa lamba kullum.

In kwakwalwar kwamfutar da ka yi ginin iri ɗaya ce da ta sabar, gwada shi a wurin kafin ka kai ko'ina:

```
docker run --rm -p 8080:80 laburare:1.0
```

Buɗe `http://localhost:8080`. In shafin lekol ya fito, danna Ctrl da C ka kashe, mu wuce.

Kai shi cikin sabar

In a kan sabar ka yi ginin, an gama, yana cikin jerin Images na Portainer. In a wani wuri ne, hanya uku ce, kuma ba darajarsu ɗaya ba a wurinmu.

Wadda na fi yarda da ita ita ce a ɗaure imej ɗin cikin fayil guda a ɗauke shi da kile:

```
docker save laburare:1.0 | gzip > laburare-1.0.tar.gz
```

Yi amfani da suna da lamba kamar yadda na rubuta. In ka sa dogayen haruffan nan na ID a maimakon suna, imej ɗin zai isa can ba suna, ka gan shi a jerin an rubuta `<none>`. A Portainer, shiga Images, danna Import, zaɓi fayil ɗin, danna Upload. In imej ɗin babba ne kuma Wi-Fi na tangal-tangal, bar burauza: soka kile a jikin sabar, ko ka tura fayil ɗin da `scp`, ka buga

```
docker load -i laburare-1.0.tar.gz
```

Sakamakon ɗaya ne. Daɗin wannan hanya shi ne, da zarar an sa mata Docker da Portainer, sabar ba ta buƙatar intanet ko na daƙiƙa ɗaya. Kana iya gina imej a cikin gari, ka hau mota zuwa Tibiri ko Madarunfa ko Gidan Rumji, ka ɗora shi a lekol ɗin da rezo sai an hau tudu. Fayil ɗin kuma ya zama ajiyarka.

Hanya ta biyu, Portainer ya yi ginin da kansa. A Images akwai Build a new image. Ka rubuta suna, `laburare:1.0`, sannan ka zaɓi inda zai samu Dockerfile. Akwai wurin da za ka liƙa rubutun kai tsaye, amma tunda namu yana da layukan `COPY`, yana buƙatar sauran fayilolin a kusa da shi. Ɗaure foldar gaba ɗaya:

```
tar -czf gini.tar.gz -C laburare .
```

ka ɗora ta ta Upload. Amfaninta, ba ruwanka da batun Intel ko ARM, domin a kan sabar ake ginin. Aibinta, sabar sai ta sauko da nginx daga intanet.

Ta uku ita ce ka kafa naka rumbun imej a gida da `registry:2` a ƙofa ta 5000, ka riƙa turawa da `docker push`. Wannan sai ka sa adireshin rumbun cikin `insecure-registries` a fayil ɗin `/etc/docker/daemon.json` na kowane inji, in ba haka ba Docker zai ƙi, ya ce ya nemi HTTPS an ba shi HTTP. Sannan ka yi masa rajista a Registries na Portainer. Ga mai injuna biyar ko shida, ya cancanta. Ga mai sabar guda a ofishin darekta, ɗora wa kai kaya ne kawai, kuma ba zan ɓata lokaci a kansa ba.

Inda ake tuntuɓe

Imej ya shiga. Shirya wurin takardu a kan sabar tukuna:

```
sudo mkdir -p /srv/takardu
sudo cp -r /inda/takardun/suke/* /srv/takardu/
sudo chmod -R a+rX /srv/takardu
```

Layi na uku yana ba kowa damar karantawa. Cikin kwantena nginx ba da ikon shugaba yake karanta fayiloli ba, ƙaramin asusu gare shi, kuma in foldar a kulle take ɗalibi zai ga `403 Forbidden`.

Yanzu shiga Containers, danna Add container. A Name rubuta `laburare`. A wurin Image rubuta `laburare:1.0`. Dakata nan, ka dubi ƙasa kaɗan. Akwai wani ɗan makunni da aka rubuta Always pull the image, kuma a kunne yake zuwa. Kashe shi.

Ga dalilin. Sunan imej a wurin Docker ya ƙunshi adireshin rumbun da ya fito. In ka rubuta `laburare:1.0` kawai, Docker yana cike gurbin da kansa ya karanta shi `docker.io/library/laburare:1.0`, wato yana ɗauka ɗaya ne daga cikin imej ɗin hukuma na Docker Hub. In makunnin nan yana kunne, Portainer zai fara cewa a je can a sauko da shi kafin a tayar da kwantena. In da intanet, Docker Hub zai amsa cewa bai san shi ba, ka ga saƙo mai ɗauke da `pull access denied` da `repository does not exist or may require 'docker login'`. Ganin kalmar `login` sai mutum ya tafi buɗe asusu a Docker Hub, ya sa kalmar sirri, ya sake gwadawa, abu ya sake ƙi. Ba asusu ne ya rasa ba. In kuma babu intanet, sai ya yi ta juyawa har ya gaji ya ce ya kasa kaiwa ga rumbun. Da ka kashe makunnin, Docker zai duba cikin gida, ya ga imej ɗin, ya tayar da shi cikin daƙiƙa biyu.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan, ko da yake ba kasafai ake faɗawa ba. In ka raɗa wa imej ɗinka sunan da ya yi daidai da wani na Docker Hub, misali ka gyara nginx ka bar shi da suna `nginx:latest`, to babu jan rubutun da zai fito. Portainer zai sauko da na can, sunan ya koma kansa, kwantenarka ta tashi lafiya lau amma babu gyaranka a ciki. Ba imej ɗinka sunan da babu mai shi.

Sauran saituna a wannan shafi. A sashen ƙofofi ƙara guda: host 8080, container 80. Na hagu ita ce ƙofar da mutane za su buga a burauza, na dama ita ce wadda nginx ke saurare a ciki. A ƙasa, cikin Volumes, danna map additional volume, a container rubuta `/takardu`, zaɓi Bind, a host rubuta `/srv/takardu`, ka mayar da shi Read-only. A Restart policy zaɓi Unless stopped. Danna Deploy the container.

Ɗauki waya, hau Wi-Fi ɗin, kashe data, buɗe `http://192.168.1.50:8080/takardu/`. Za ka ga farin shafi ba ado, a samansa `Index of /takardu/`, a ƙasa sunayen fayiloli da kwanan wata da girmansu. Taɓa ɗaya ya sauko. Ba shi da kyan gani, amma ko tsohuwar waya mai fasasshen gilashi tana buɗe shi nan take.

Hanyar da ta fi ɗorewa

Abin da muka yi da danne-danne yana aiki, sai dai bayan wata shida ba za ka tuna me ka danna ba. Shi ya sa in aiki ya zauna nake mayar da shi rubutu. Goge kwantenar da ka yi, takardunka suna `/srv/takardu` babu abin da zai same su. Shiga Stacks, danna Add stack, ba shi suna da ƙananan haruffa, ka liƙa wannan a Web editor:

```
services:
  laburare:
    image: laburare:1.0
    pull_policy: never
    container_name: laburare
    restart: unless-stopped
    ports:
      - "8080:80"
    volumes:
      - /srv/takardu:/takardu:ro
    logging:
      driver: json-file
      options:
        max-size: "10m"
        max-file: "3"
```

`pull_policy: never` shi ne makunnin ɗazu a rubuce: kada a je ko'ina neman imej, in babu shi a gida a faɗa mini. Sashen `logging` yana hana bayanan kwantena cika faifai, domin nginx yana rubuta layi duk lokacin da wani ya buɗe shafi, kuma Docker ba ya goge su da kansa in ba a sa masa iyaka ba. Wannan irin rubutu yana da tsantseni kan tazara: da maɓallin tazara ake matsar da layi, biyu-biyu, ba da Tab ba. In an turo maka shi ta WhatsApp, duba layukan da kyau, tazarar kan rikice a hanya. Danna Deploy the stack, sannan ka kwafi rubutun ka ajiye kusa da fayil ɗin `tar.gz`. Da waɗannan biyu da foldar takardu, in injin ya mutu gobe, kana tayar da komai a kan wani kafin a tashi daga lekol.

Wanda ba Portainer yake amfani da shi ba, maganar ba ta canza ba. CasaOS yana karɓar irin wannan rubutu a wurin ɗora manhajar da ba ta cikin shagonsa. TrueNAS SCALE tun sigar 24.10 ya koma Docker, yana da Custom App da kuma wurin liƙa irin wannan rubutu, wanda ake kira YAML. Container Manager na Synology yana shigar da imej daga fayil. A kowanne abu biyu za ka nema: inda ake shigar da imej, da inda ake hana shi zuwa saukowa.

Ranar da za ka canza wani abu

A ce darekta ya kira ka: "Malam, a sa tambarin lekol a shafin farko, a kuma gyara sunan, an rubuta shi ba daidai ba." Kada ka shiga Console na kwantena ka gyara fayil a can. Zai yi aiki yau, amma ranar da aka sake gina kwantenar gyaran ya tafi. Gyara a foldar `laburare`, ka gina da sabuwar lamba:

```
docker build -t laburare:1.1 .
docker save laburare:1.1 | gzip > laburare-1.1.tar.gz
```

Shigar da shi kamar ɗazu. A Stacks buɗe naka, shiga Editor, mayar da `1.0` zuwa `1.1`, danna Update the stack. Wani ɗan akwati zai fito da makunnin Re-pull image. Bar shi a kashe. Irinsa yana nan kuma a maɓallin Recreate na shafin kwantena. Shi ma kada ka kunna. In sabuwar sigar ta zo da matsala, mayar da lambar `1.0` ka sake dannawa, ka koma inda kake.

Wannan komawa baya tana yiwuwa ne in tsohon imej yana nan. Portainer yana liƙa wa duk imej ɗin da babu kwantena a kansa alamar Unused, kuma mai son tsafta hannunsa na ƙaiƙayi ya goge. Haka ma umarnin `docker image prune -a`, wanda ake yawan ba da shawararsa in faifai ya cika: yana share duk imej ɗin da ba a amfani da shi a lokacin. Na Docker Hub in an goge ana sake saukowa. Naka in ya tafi, sai fayil ɗin da ke kan kile. Ni nakan bar sigar da ke aiki da wadda ta gabace ta a kan sabar, sauran su zauna a kile. In kana da Watchtower, mai sabunta kwantenoni da kansa, cire wannan kwantenar daga hannunsa, ba shi da inda zai samo mata sabo.

In kwantena ta ƙi tashi, kafin ka kira kowa danna sunanta ka buɗe Logs. `exec format error` mun san shi. Saƙo mai `port is already allocated` yakan fito ne tun wurin ɗorawa, yana nufin wani abu ya riga ya kama 8080, sai ka canza lambar hagu zuwa 8081. `No such image` yana nufin sunan da ka rubuta bai yi daidai da na jerin Images ba, galibi lamba ce ko harafi guda. In nginx ne ya ƙi saboda kuskure a `default.conf`, zai faɗi lambar layin. Sau da yawa alamar `;` ce aka manta a ƙarshe.

Kalma ɗaya kan tsaro. Portainer yana riƙe da `docker.sock`, ƙofar da ake ba Docker umarni ta cikinta, wanda ke nufin duk wanda ya shiga shafinsa ya mallaki injin gaba ɗaya. Adireshin 8080 za ka rubuta a allo don ɗalibai. Na 9443 da kalmar sirrinsa tsakaninka ne da mutum guda amintacce, kuma kada ka buɗe wannan ƙofa zuwa intanet a rauta.

Gwajin ɗaukewar kuran

Saura abu guda, kuma a garinmu ba a tsallake shi. Dole komai ya dawo da kansa bayan wuta ta ɗauke ta dawo, ba tare da an nemo ka a waya ba. `unless-stopped` yana tayar da kwantena duk lokacin da Docker ya tashi, sai fa in kai ka tsayar da ita da hannunka. Tabbatar Docker ɗin kansa yana tashi tare da injin:

```
sudo systemctl enable docker
```

Sai injin. In ta tebur ce, shiga BIOS ka nemo saitin da ke cewa me za ta yi in wuta ta dawo, yawanci ana rubuta shi Restore on AC Power Loss ko AC Recovery, ka sa shi a Power On. Wasu kwamfutocin cinya ma suna da irinsa, da suna kamar Wake on AC ko Power On AC Attach. In taka ba ta da shi kuma batirin ya ƙare ƙaf, sai an danna mata maɓalli, don haka nuna wa mai gadi ko wani malami inda yake. Rautar ma tana son nata batir ko ondila, in ba haka ba sabar na aiki amma babu mai isa gare ta.

Yanzu gwada da gaske. Cire igiyar intanet ko katin SIM daga rauta, ka bar Wi-Fi kawai. Buga `sudo reboot`. Kada ka taɓa komai. Jira minti biyu ko uku, ka ɗauki waya ka buɗe `http://192.168.1.50:8080/takardu/`. In jerin takardun ya fito, shiga Portainer ka tabbatar `laburare` tana nuna running kuma imej ɗin da ke gabanta `laburare:1.1` ne, sannan ka mayar da igiyar intanet.